Tarihin Jean Rouch, Bafaranshen da ya bi muryar 'yan Haukan Kurfai har Accra

Duk ɗalibin da ya karanci harkar fim ko nazarin al'adun ɗan Adam a manyan jami'o'in Turai da Amurka, da wuya ya gama bai ci karo da wani gajeren fim na kusan rabin awa mai suna Les Maîtres fous ba. A kusa da Accra aka ɗauke shi a shekarar 1954, amma tushen abin da ke cikinsa yana ƙasar Kurfai, a yankin Filinge na jihar Tillaberi a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya ɗauki fim ɗin shi ne Jean Rouch, injiniyan hanya ɗan ƙasar Faransa wanda ya rikiɗe ya zama mai shirya finafinai, ya yi fiye da fim 100, akasarinsu a Afirka ta Yamma, kuma ƙasar Nijar ce ta zama makwancinsa.

An fi tunawa da shi kan yadda yake riƙe kyamara a hannu yana kutsawa cikin taro. Amma abin da ya fi ba shi wahala tsawon rayuwarsa shi ne sauti: yadda za a kama muryar mutum kamar yadda ta fito daga bakinsa, ba tare da wani ya danne ta ko ya canza ta ba. Wannan matsala ba ta mutu da shi ba. Tana nan a yau a hannun duk wanda ke kwafe tsohon fim daga faifai zuwa kwamfuta.

Injiniyan da ya zo gina hanya

An haifi Jean Rouch a birnin Faris ranar 31 ga Mayun 1917. Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi, wanda ya shiga tafiyar binciken da Jean-Baptiste Charcot ya jagoranta zuwa ƙarshen kudancin duniya tsakanin 1908 da 1910. Jean ya yi karatun injiniyan hanyoyi da gadoji a Faris, kuma a 1941, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa, ya samu aiki a Nijar.

Aikinsa shi ne kula da gina hanyoyin da suka tashi daga Yamai. A wancan zamani da aikin tilas ake gina hanya. Dubban talakawa ake kwasowa daga ƙauyuka, suna ɗaukar ƙasa da duwatsu a ka. A nan ya haɗu da wani saurayi ɗan Sarkawa, wato masuntan kogin Kwara, mai suna Damure Zika, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwa.

A damunar 1942 tsawa ta faɗa wa ma'aikatansa a wani wuri da ake kira Gangel, ta kashe mutum goma. Kakar Damure, wata tsohuwa mai suna Kaliya, ita ce ta jagoranci al'adar da Zabarmawa ke yi idan haka ta faru. Rouch ya tsaya ya kalli komai, ya rubuta abin da ya gani, ya aika wa masana a Faris. Daga wannan rana hankalinsa ya fara barin siminti da gadoji.

Bai daɗe ba ya saɓa da hukumomin mulkin mallaka masu biyayya ga gwamnatin Vichy, aka kore shi zuwa Dakar, inda masanin nan Théodore Monod ya ba shi mafaka a cibiyar bincike ta IFAN. Daga can ya shiga rundunar Faransa, ya yi yaƙi har cikin Jamus. Da aka gama yaƙi ya koma makaranta a ƙarƙashin Marcel Griaule, malamin da ya shahara kan nazarin Dogon na Mali.

Darasi na farko: an sa wa hotonsa bakin wani

Tsakanin 1946 da 1947 Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara a kwale-kwale daga mafarinsa a Gini har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Yana ɗauke da wata tsohuwar kyamara ƙirar Bell & Howell da ya saya a kasuwar gwanjo. Ƙafafun da ake ɗora kyamarar a kai sun salwanta a hanya, dole ya koma riƙe ta a hannu. Abin da ya fara a matsayin asara shi ya zama salonsa.

Kyamarar ba ta ɗaukar sauti. Da ya koma Faris ya sayar da hotunan farautar dorina da ya ɗauka a Ayoru ga kamfanin labaran majigi na Actualités françaises. Kamfanin ya sauya jerin hotunan, ya ɗora musu kiɗan da ba na ƙasar ba, ya kawo mai sharhi da ke zuba magana kamar mai ba da labarin tsere. Aka sa wa fim ɗin suna Au pays des mages noirs, wato a ƙasar baƙaƙen bokaye. Hotunan nasa ne, amma labarin ya zama na wasu. Abin ya tsaya masa a rai har a 1991, yana ɗan shekara 74, ya zauna gaban allo ya sake yi wa hotunan sharhi da bakinsa.

Darasi na biyu: masuntan Ayoru

Da ya dawo Nijar a farkon shekarun 1950 ya taho da rakoda mai zare, irin ta farko-farko, mai nauyi, wadda ake wana ta da hannu. Da ita aka ɗauki sautin fim ɗin Bataille sur le grand fleuve, kan yadda Sarkawa ke farautar dorina da mashi. Wajen haɗa fim ɗin Rouch ya ɗora wani taken mafarauta a daidai inda ake fafatawa da dabbar, don ya ƙara wa kallo armashi.

A 1954 ya koma Ayoru da majigi da janareto, ya rataya farin ƙyalle, ya nuna wa masuntan kansu. Sun kalla sun sake kallo, sannan suka ƙalubalance shi kan kiɗan. Hujjarsu ita ce dorina tana ji ko tana ƙarƙashin ruwa, kuma take yana ƙara mata ƙarfin zuciya, shi ya sa ake farautarta shiru. A wurinsu kiɗan ba ado ba ne, ƙarya ce aka saka cikin aikinsu. Rouch ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan, kuma daga nan ya yi kaffa-kaffa da ɗora wa fim sautin da ba a wurin aka ji shi ba.

Wannan zama ya haifar da abin da ya riƙa kira nazarin al'ada na haɗin gwiwa: a ɗauki mutane, a dawo a nuna musu, a saurari gyaransu. A wurin ne kuma Damure ya kawo shawarar fim ɗin da ya zama Jaguar, wani mafarauci kuma ya gayyace shi ya ɗauki farautar zaki da kwari da baka.

Abin da ya faru a Kurfai a 1925

Kafin a fahimci fim ɗin Accra sai an koma Kurfai. Filinge tana bakin kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa Hausawa ne da suke maƙwabtaka da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, kuma kafin zuwan Turawa ba su saba da sarki ɗaya mai iko da kowa ba. Faransawa suka ɗora Gado Namalaya a kan ƙasar, kuma ta hannun sarauta ake karɓar haraji da ɗibar mutane zuwa aikin tilas da soja.

A wajajen 1925, a yankin Shikal, wasu sababbin iskoki suka bayyana a fagen bori ta bakin wata mata mai suna Shibo. Waɗannan iskoki ba irin waɗanda aka gada ba ne. Wanda suka hau sai ya riƙa tafiya kamar soja, yana ƙamewa, yana sara wa na gaba, yana ba da umarni da wani harshe mai kama da Faransanci, yana wasa da wuta. Hausawa suka kira su Babule, sunan Hauka kuma ya bi su har ƙasashen waje. Matasa suka yi ta shiga, suna fareti da bindigogin itace, suna ƙin bin umarnin sarki. Sarakuna ba su so abin ba, malaman addini ma ba su amince da shi ba.

Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kama gommai daga cikinsu aka kai su Yamai aka tsare, aka wulaƙanta su. Maimakon abin ya mutu, sai shi kansa kwamandan ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamandan Mugu. Zuwa 1927 al'amarin ya bazu zuwa ƙasashen maƙwabta, Faransawa suka kori jagorori daga ƙasar. 'Yan ci-rani kuma suka tafi da Hauka zuwa Gold Coast, wato Gana ta yau.

Masana sun yi ta muhawara kan ma'anar wannan yunƙuri. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya kalle shi a matsayin tawaye ga sarautar da Turawa suka ƙaƙaba. Nicole Echard, wadda ta yi nazarin bori a Adar da Kurfai, ta duba shi ta fuskar yadda bori ke haɗiye duk wani sabon ƙarfi da ya shigo ƙasa. Abin da suka dogara da shi shi ne rahotannin jami'an mulkin mallaka da bakin dattawa. Rakoda mai zare ba ta ma fito duniya ba sai a 1935 a Jamus, shekara goma bayan abin da ya faru a Shikal.

Rana ɗaya a gonar koko

A 1954 Rouch yana Gold Coast yana binciken 'yan ci-ranin Nijar, masu dako da leburori da masu tallar kaya a kasuwannin Accra da Kumasi. 'Yan Hauka na Accra sun ga fim ɗinsa na dorina, sai suka gayyace shi ya ɗauki babban taronsu na shekara. A watan Agusta aka yi taron a wata gonar koko a wajen birni, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Muncaiba.

Kayan aikinsa sun taƙaita abin da zai iya yi. Kyamarar mai wani ce, ba ta wuce daƙiƙa 25 tana aiki sai ta tsaya a sake wana ta. Rakodar tana gefe a hannun Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, kuma babu wata igiya ko na'ura da ke daidaita gudunta da na kyamarar. Don haka hoto daban, sauti daban. An kama kukan goge, da ihu, da takun ƙafa, da maganar waɗanda iskoki suka hau, waɗanda suka zama gwamna da janar da kofur da direban jirgin ƙasa da matar likita da Kwamandan Mugu. Amma babu yadda za a sa kowace kalma ta faɗa daidai kan leɓen mai faɗinta.

Harshen ma wani aiki ne. Cakuɗe ne na Faransanci da Turanci da harsunan gida, ana furta shi cikin kumfar baki. Rouch ya zauna da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar mai suna Mukaila, suna sauraron zaren rakoda, yana fassara masa abin da ake nufi. A ƙarshe ya ɗora muryarsa a kan fim ɗin daga farko har ƙarshe, yana bayani da Faransanci. Muryoyin 'yan Hauka suna nan, amma a ƙarƙashin tasa.

Da aka nuna fim ɗin a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Faris, ran mutane ya ɓaci. Malaminsa Griaule ya ba da shawarar a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka ga cewa hoton baƙaƙe suna kumfar baki suna cin naman kare zai ƙara wa masu wariyar launi hujja. Hukumomin Ingila suka haramta shi a Gold Coast, don sun ga ana kwaikwayon gwamnansu. Duk da haka fim ɗin ya fita, ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na Venis a 1957. Sukar ba ta tsaya ba. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya masa ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari.

Yadda ya miƙa makirfo

Amsar da Rouch ya bayar a aikace ita ce ya bar mutanen su yi magana da kansu. A 1957 ya ɗauki rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan. Da aka haɗa hotunan sai ya zaunar da jarumin fim ɗin gaban allo, ya ba shi makirfo, ya ce ya faɗi abin da ke ransa. Jarumin shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa. Fim ɗin, Moi, un Noir, ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Ganda ya zama mai shirya fim na kansa, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Haka aka yi da Jaguar, inda Damure da Lam suka yi ta hira da barkwanci a kan hotunan tafiyarsu daga Nijar zuwa Gold Coast.

Sauƙi ya zo daga Suwizalan. Wani injiniya ɗan asalin Folan, Stefan Kudelski, ya ƙera ƙaramar rakoda mai suna Nagra a 1951, kuma samfurinta na uku da ya fito a 1958 ya sauya aikin fim da rediyo. A 1960 Rouch da masanin zamantakewa Edgar Morin suka yi amfani da ita tare da sabuwar kyamara marar nauyi, suka bi mutane a titunan Faris suna ɗaukar hoto da magana a lokaci guda. Fim ɗin, Chronique d'un été, ya ci kyautar masu sharhi a bikin Cannes na 1961.

Ya dawo da wannan fasaha Nijar, inda Musa Hamidu ya zama mai ɗaukar masa sauti na tsawon shekaru. A watan Maris na 1971, a Simiri da ke ƙasar Zarmaganda, yamma da Kurfai, mutanen gari sun kwana uku suna kiɗa don neman tsari daga fara, babu wanda iska ta hau. A rana ta huɗu Rouch ya yanke shawarar su ɗauki kiɗan kawai, domin gangunan da ake kira turu da bitti tsofaffi ne kuma yana tsoron za su ɓace. Ya kunna kyamara, Musa ya kunna rakoda, suka shiga fage. Suna cikin ɗauka sai iska ta hau mai rawa. Fim ɗin Tourou et Bitti kusan minti goma ne a ɗauka ɗaya ba yankewa, hoto da sauti a tare. Shekara 17 ke nan bayan gonar koko.

Ƙarshen tafiya

Rouch ya ci gaba da aiki har tsufa. Ya ɗauki bikin Sigi na Dogon tare da Germaine Dieterlen tun daga 1967, ya yi finafinan barkwanci irin su Cocorico Monsieur Poulet na 1974 tare da Damure da Lam da Tallu Muzuran, ya kuma shugabanci gidan adana finafinai na Faransa daga 1987 zuwa 1991. Ya taimaka wa Mustafa Alasan, wanda ya zama jagaban fim ɗin zane a Afirka.

Ranar 18 ga Fabrairun 2004 ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, yana da shekara 86. Matarsa da Damure Zika da Mustafa Alasan suna cikin motar, sun tsira. An binne shi a Yamai. Cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Yamai ta ɗauki sunansa na tsawon shekaru, har zuwa Oktoban 2024 lokacin da hukumomin Nijar suka mayar da ita sunan Mustafa Alasan.

Gadonsa a zamanin faifai da fayil

Bayan rasuwarsa an gyara finafinansa da dama an mayar da su na zamani. A 2011 cibiyar Cineteca di Bologna ta Italiya ta gyara Chronique d'un été, kuma a 2013 kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da shi a faifan Blu-ray da sautinsa na asali mai layi ɗaya ba tare da an matse shi ba. A 2017, shekara 100 da haihuwarsa, kamfanin Icarus Films ya fitar da finafinansa takwas a faifan DVD, har da Les Maîtres fous.

Daga nan ne alhakin ke komawa kan mai kwafewa. Matse sauti iri biyu ne. Akwai mai zubar da wani ɓangare don fayil ya yi ƙanƙanta, irin su MP3 da AAC da Dolby Digital. Akwai kuma marar asara, wanda idan aka buɗe shi yake dawo da komai yadda yake, irin su FLAC da Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio. Shi kuwa LPCM ba a matse shi ba sam. Faifan Blu-ray, wanda ya fito a 2006 kuma yake ɗaukar gigabait 25 ko 50, yakan zo da ɗaya daga cikin TrueHD da DTS-HD da LPCM.

Nau'in farko yana aiki ne da wata dabara: yana lissafa abin da kunne ba zai lura da shi ba, musamman ƙaramin sauti da babba ya rufe, ya rage masa inganci ko ya watsar. A waƙar zamani wannan ba ya damun kowa. Amma a fim irin na gonar koko, ƙaramin sautin da babba ya rufe shi ne muryar ɗan Hauka a ƙarƙashin sharhin Rouch. Abin da manhaja ta ɗauka shara shi ne abin da ɗan Kurfai ko Bazabarme mai neman jin harshen kakanninsa zai kasa kunne ya nema.

Masu adana finafinai suna bin ƙa'idoji kaɗan. Na farko, a kwafe sautin yadda yake ba tare da an sake sarrafa shi ba. Manhajar MakeMKV tana ɗebo hoto da sauti daga faifai ta zuba su a fayil nau'in MKV ba ta taɓa su ba, kuma MKV yana karɓar duk waɗannan nau'o'in sauti. Na biyu, a lura da layin da aka zaɓa. DTS-HD yana ɗauke da wani ƙaramin DTS mai asara a cikinsa don tsofaffin na'urori, TrueHD ma yakan zo da rakiyar Dolby Digital, kuma mai gaggawa yakan ɗauki ƙaramin ya bar babban. Na uku, idan za a rage girman hoton da manhaja irin HandBrake, a sani cewa saitinta na yau da kullum yana mayar da sauti AAC. Sai an zaɓi a wuce da sautin yadda yake, ko a mayar da shi FLAC idan LPCM ne.

Wurin da sautin ke ci bai taka kara ya karya ba. Layi ɗaya da aka ɗauka sau 48,000 a daƙiƙa da zurfin bit 24 yana cin kimanin megabait 260 a rabin awa, FLAC kuma yakan rage shi sosai ba tare da ya zubar da komai ba. Hoto ne ke cinye wuri, ba sauti ba.

Akwai iyaka ga abin da wannan zai iya yi. Ba ya dawo da abin da rakodar 1954 ba ta kama ba. Akasarin faifan DVD kuma da Dolby Digital suke zuwa, wanda an riga an matse, don haka mayar da shi FLAC ƙara girma ne kawai, abin da ya dace shi ne a kwafe shi yadda yake. Haka nan a lasifikar waya kunnuwa da yawa ba za su bambance fayil marar asara da AAC mai kyau ba. Ƙaramin kwafi na kallon yau da kullum ba laifi ba ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan ƙaramin ya zama shi kaɗai ya rage, aka ɗora shi a Facebook, wani ya sauke ya tura ta WhatsApp, wani ya yanka ya sake ɗorawa. Kowane zagaye sabon matsi ne a kan tsoho, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Tura fayil a matsayin takarda a WhatsApp yana hana wannan sake matsewar. Dokar haƙƙin mallaka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma adana faifan da mutum ya saya daban yake da rarraba shi ga jama'a.

Maganar ba ta tsaya kan finafinan Rouch ba. Wanda ya saurari waƙoƙin Mamman Shata ko Ɗan Gurmu da ke yawo a wayoyi ya san yadda kayan kiɗan suke komawa kamar ana kaɗa gwangwani bayan an yi ta juya su. Haka kaset ɗin wa'azi, da bidiyon biki, da saƙon murya da wani tsoho ya aika wa ɗansa a ci-rani. Cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO a Yamai suna riƙe da tsofaffin zarurrukan da aka ɗauki bakin dattawa a kansu, kuma ƙa'idar masu adana sauti ta duniya ita ce a juye irin waɗannan a fayil marar asara, a ajiye kwafi fiye da ɗaya a wurare daban-daban, sannan a fitar da ƙananan kwafi don rabawa.

Har yanzu ana gardama kan Rouch: wasu na ganinsa aminin Nijar da ya buɗe wa Ganda da Alasan ƙofa, wasu na ganinsa Baturen da ya yi magana a madadin mutanen da ke da bakinsu. Duk ɓangaren da mutum ya ɗauka, hujjar tana cikin sautin. Wanda ke son sanin ko Rouch ya fassara 'yan Hauka daidai ko ya sa musu maganarsa a baki, sai ya saurari abin da suke faɗa a ƙarƙashin muryarsa, kuma hakan zai yiwu ne kawai idan waɗanda suka kwafe fim ɗin ba su zubar da shi a hanya ba.